Sharhi: Idan miji ya kwanta, mata ce asibitinsa. Ita kuma wa ke duba ta?

Ranar 29 ga watan Oktoba tana ɗauke da sunaye biyu. Ita ce ranar faɗakarwa kan ciwon shanyewar ɓarin jiki ta duniya, kuma tun shekarar 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta domin masu kula da marasa lafiya, tsofaffi da naƙasassu. A nan Nijar ta farkon takan samu ɗan gurbi a rediyo, likita ya zo ya yi bayanin hawan jini da rage gishiri. Ta biyun kuwa da wuya ka ji an ambace ta, alhali a cikin gida abubuwan biyu ɗaki ɗaya suke kwana. Duk inda ka ga magidanci ɓarin jikinsa ya shanye, to akwai wadda ta ajiye sana'arta, ta haƙura da barcinta, ta koma ɗaga shi da kwantar da shi. Galibi matarsa ce.

A ranar 14 ga Oktoban 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan halin da duniya ke ciki game da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Rahoton ya ce fiye da mutum biliyan 3 ne ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu, kama daga ciwon kai mai tsanani zuwa farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon mantuwa da ciwon karkarwa, kuma suna halaka mutum miliyan 11 kowace shekara. Kafofin yaɗa labarai sun fi ɗaukar waɗannan manyan alƙaluman. Amma akwai wasu ƙanana biyu da suka fi shafar gidajenmu. Daga cikin ƙasashe 194 na hukumar, 102 ne suka aika da bayanai. Ƙasashe 46 kacal ke da wani tsari na tallafa wa masu jinya a gida, 44 ke da dokar da ta kare su. Rahoton ya kuma faɗi abin da kowace unguwa ta sani: mafi yawan masu wannan aikin mata ne, kuma babu mai biyan su.

Mai karatu zai iya cewa Nijar ƙasar yara ce, kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, me ya haɗa mu da ciwon tsofaffin Turai? Amsar tana nan kusa da mu. Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya duba mutum 2,118 da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Binciken ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin a kan hawan jini, wanda a nan muka fi kira tansiyo. Mutumin Maradi da na Kano abinci iri ɗaya suke ci, ɗanɗanon miya iri ɗaya suke zubawa, kuma dukansu ba su cika zuwa awon jini ba sai jiri ya kayar da su. Mutum mai shekara 48 ba tsoho ba ne. Shi ne mai shago a kasuwa, direban babbar mota, malamin makaranta, mai ciyar da baki goma. Ga kuma namu na gida: sanƙarau, wanda a annobar 2015 kaɗai ya kama kusan mutum 8,500 a ƙasar nan, kuma yakan bar wasu daga cikin waɗanda suka rayu da kurumta ko farfaɗiya, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, amosanin jini, da haɗarin babur da ke fasa kawunan matasa a titunanmu kullum.

Aikin da ba a koya wa kowa

Ranar da aka sallami majinyaci daga asibiti, dangi kan yi hamdala, a ɗauko mota a kai shi gida. Mako na farko gida cike yake da masu dubiya. Mako na uku an fara raguwa. Bayan wata biyu ba kowa sai matar da ƴaƴanta, kuma daga nan ne ainihin jinyar ke farawa.

Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa yana buƙatar a juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana. In ba haka ba, fatar ƙugu, gindin baya da duddugen ƙafa sai ta mutu ta zama gyambo. A ɗakin kwano cikin watan Afrilu, ga zufa, ga ledar da aka shimfiɗa kan katifa saboda fitsari, ga wutar lantarki da ke ɗaukewa, gyambon kwanciya ba ya ɗaukar kwanaki kafin ya fito, kuma idan ya yi zurfi shi kaɗai yana iya kashe mutum. Haɗiya ma matsala ce. A kwanakin farko kusan rabin masu wannan ciwo ba sa iya haɗiye abu daidai. Matar da ta tallabo kan mijinta yana kwance ta ɗura masa kunu don ƙauna, ba ta san cewa wani ɓangaren yana gangarawa huhu ba. Kwana uku sai zazzaɓi da tari, a ce ciwon ne ya tashi, alhali ciwon huhu ne sabo. Zaunar da shi tsaye, da ba shi abu mai kauri kaɗan-kaɗan da cokali, zai iya hana hakan. Hannun da ya shanye kuma ba a jan sa wajen ɗagawa, domin kafaɗar tana iya gocewa ta bar shi da raɗaɗin da zai hana shi motsa jiki. Gashi da ruwan zafi, wanda muka gada muka yarda da shi, yana iya ƙona fatar da ba ta jin zafi ba tare da majinyacin ya ce uffan ba.

Duk wannan ilimi ne da ma'aikacin jinya ke shafe shekaru yana koya. Mace mai tuyar ƙosai a Tibiri ko mai ƙulla gyaɗa a Mirriya ana miƙa mata shi rana ɗaya, da takardar magani a rubuce da Faransanci, ita kuwa wataƙila ba ta taɓa shiga aji ba. Ba laifin malaman asibiti ba ne kai-tsaye. Mutum ɗaya da gadaje ashirin ba shi da lokacin zama ya koyar. Amma sakamakon ɗaya ne.

Sai ɗawainiyar da ba a faɗa a gaban mutane. Ɗaga namiji mai nauyin buhun gero ko fiye daga tabarma zuwa fo, sau da yawa a rana. Wanke zannuwa kullum a gidan da jarkar ruwa saye ake yi wajen ƴan garuwa. Makewayinmu na tsuguno ne, wanda ƙafarsa ɗaya ba ta aiki ba zai iya amfani da shi ba. Ƙofar ɗaki ƙarama, dokin ƙofa mai tsawo, tsakar gida rairayi: ko an samu keken marasa lafiya, tura shi wani aikin ne. Al'adarmu ta kunya kuma ta rufe ƙofar taimako. Ɗiya mace ba za ta yi wa mahaifinta tsarki ba, surukarsa ma haka, ƙannensa maza suna wajen nema, manyan ƴaƴansa maza sun tafi bida Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas. Mutum ɗaya tak ya rage wanda addini da al'ada suka halatta wa ganin tsiraicinsa. Wannan ne ya sa jinyar miji ta bambanta da kowace jinya. Ta uwa ana iya karɓa-karɓa tsakanin ƴaƴa mata, ta miji kuwa babu mai karɓar matar.

Likitocin kuma cewa suke watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi farfaɗowa, idan ana motsa gaɓoɓi kullum ana koya wa mutum zama, tsayuwa da taku. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Nijar ƴan ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai. Daga Maradi zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 650 ce, daga Damagaram kusan 900. Masu motsa gaɓoɓi, wato ƴan kine, ana samun su a manyan asibitocin birane, ba a gidan likitan ƙauye ba. Ko a cikin gari, kai mutumin da ba ya iya zama kan kabu-kabu asibiti sau uku a mako yana nufin shatar adaidaita zuwa da dawowa, da neman ƙarfafan maza biyu da za su ɗauke shi. Iyalai da yawa sukan yi wata ɗaya su sare. Daga nan ko dai matar ta zama ita ce mai motsa masa gaɓoɓin, ko kuma hannu da ƙafar su ƙage.

Ragin kashi 50 da abin da bai taɓa ba

A watan Agustan 2024 majalisar ministoci ta rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da kashi 50 cikin 100, matakin da ya fara aiki ranar 1 ga Satumba. Ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman ga hoton sikana, wanda shi ne ke bambanta ko jini ne ya daskare ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa ko kuwa jijiya ce ta fashe, tunda maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan. Sai dai ragin na ƙofar asibiti ne. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa kwana goma yake yi a asibiti, ya yi shekara goma a gida. Maganin hawan jini na kowane wata har ƙarshen rayuwa, a farmasi ake saye. Haka kunzugun manya, robar fitsari, sabulu, man shafawa, kuɗin mota. Watannin takunkumin CEDEAO, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, sun nuna yadda magani ke yankewa ya yi tsada idan hanyar shigo da kaya ta toshe. Ga mai farfaɗiya, yankewar magani ta kwana kaɗan tana iya jawo faɗuwa a jere da ke kai wa ga mutuwa.

Babbar asarar ma ba a farmasi take ba. Ciwon yana cire mutum biyu daga nema a lokaci guda: mai ciwon da mai jinyarsa. Mafi yawan ƴan Nijar ba ma'aikatan albashi ba ne, ba su da rajista da CNSS, ba su da fansho ko inshorar lafiya. Ranar da ba a fita ba, ba a samu ba. Abin da ake fara sayarwa kuma sananne ne: tunkiyar matar, akuyarta, ɗan kunnenta, kayan ɗakinta, daga baya a jinginar da gamanarta. Dukiyar da ta tara don ranar tsufanta ita ke tafiya kafin a taɓa gonar gandu, domin gonar akwai idon dangi a kanta. Wani lokaci a cire babbar ɗiya daga makaranta ta riƙe tallan da uwar ta bari, ko a gaggauta aurar da ita don rage baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ciwon mantuwa kaɗai ya laƙume dalar Amurka tiriliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabin wannan kuɗin ƙimar aikin da iyali ke yi ne kyauta, kimanin awa biyar a rana, kashi 70 cikin 100 na awoyin a wuyan mata. A kasafin kuɗin ƙasa wannan aikin ba ya fitowa ko a layi ɗaya, ga shi kuwa shi ne ke riƙe da gadajen asibitocinmu. Da a ce matan da ke jinya a gida za su kwaso mazajensu su ajiye a ƙofar babban asibitin Damagaram ko na Maradi, da ba a kai azahar ba an rasa wurin taka ƙafa.

Idan matar ce ta kwanta fa?

A nan ne maganar ke da ɗaci. Idan miji ya kwanta, babu mai tambayar wa zai yi jinya. Idan mata ce, tambayar farko ita ce yaushe za a kai ta gidansu. "Ta tafi gida jinya" magana ce da kunne ya saba da ita har ba ta ba kowa mamaki. Uwarta tsohuwa ko ƙanwarta ce za ta ɗauki nauyin, mijin ya riƙa leƙawa da ledar lemu da ɗan abin da ya sawwaƙa. Idan ciwon ya ja lokaci, abokai da dangi su fara ba shi shawarar ya samo wadda za ta riƙe masa gida da yara.

Al'adar tana da tushe. Tsofaffin littattafan fiƙihu, har da na Malikiyya da muke bi, ba su lissafa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Malamai da dama na wannan zamani sun ce hukuncin ya dace da lokacin da magani bai zama larura kamar ci da sha ba, don haka yau ya shiga cikin wajibi. Wannan bayani ya kamata a riƙa jin sa a wa'azin aure da kan mumbarin Juma'a fiye da yadda ake ji, domin Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Yunƙurin samar da shi ya sha rushewa, na baya-bayan nan a 2011, kuma al'ada da fatawar malamai ne ke yanke hukunci a harkar aure da saki.

Kada a ɗauka halin Bahaushe ne kawai. A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2009 ya bi diddigin ma'aurata 515 da ɗayansu ke fama da ƙari a ƙwaƙwalwa, wata cutar daji ko ciwon jijiyoyi mai naƙasawa. Inda mijin ne ba shi da lafiya, kusan kashi 3 cikin 100 na auren ne ya mutu. Inda matar ce, kusan kashi 21. Bambancin shi ne can matar da aka bari tana da kotu da inshora, a nan kuwa ɗakin uwarta kawai take da shi.

Farfaɗiya ta fi kowace cuta nuna wannan. Har gobe akwai masu imanin cewa ana ɗaukar ta ta yawu ko ta tusa, shi ya sa idan mutum ya faɗi sai a watse a bar shi. Ba a ɗaukar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suna shan magani, kuma tsohon maganin nan fenobarbital yana cikin mafi araha a duniya, amma kashi uku cikin huɗu na masu ciwon a ƙasashe matalauta ba sa samun sa. Iyaye kan ɓoye ciwon ɗiyarsu har a ɗaura aure, ranar da ta faɗi a gidan miji sai takardar saki ta biyo baya. Wadda aka bari a gidan kuma ita ce a bakin murhu, ita ce a bakin rijiya, wurare biyu mafi haɗari ga mai farfaɗiya. Mijin da ya san ciwon matarsa aikinsa ba mai yawa ba ne: ya tabbatar magani bai yanke ba, ya sama mata mai taya ta girki da ɗiban ruwa, idan ta faɗi ya kwantar da ita ta gefe ya kawar da abin da zai ji mata rauni, kada ya cusa mata cokali ko tsumma a baki, idan abin ya wuce minti biyar ya kai ta asibiti. Ya kuma raka ta wurin likita kafin ta ɗauki ciki, domin wasu magungunan farfaɗiya suna cutar da ɗan tayi, wasu kuma suna rage ƙarfin maganin tazarar haihuwa.

Akwai mazan da ke yin fiye da haka. Ana ganin su a harabar asibitoci, dattawa riƙe da buta da kwanon abinci, suna wanke zanen matansu da asuba kafin mutane su tashi. Abin lura shi ne a ɓoye suke yi, don gudun a ce an shanye su ko a kira su mijin-ta-ce. Mace ta yi shekara bakwai tana jinya, a ce ai aikinta ne. Namiji ya yi wata bakwai, ko dai a yi masa dariya ko a mai da shi waliyyi, kuma duka biyun suna nuna ba a ɗauki abin a matsayin aikinsa ba.

Gidan mata biyu ko uku, wanda binciken ƙasa na 2012 ya nuna fiye da kashi ɗaya bisa uku na matan aure a Nijar a cikinsa suke, yana iya zama rahama, tunda ana iya raba jinyar kamar yadda ake raba kwana. Yana kuma iya zama akasin haka, amarya ta ce ba ta zo don wannan ba, uwargida mai ciwon gwiwa ta rage ita kaɗai. Tazarar shekaru ma tana da nata lissafin. A ƙasar da wannan binciken ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, sau da yawa ga wanda ya girme su nesa ba kusa ba, ba abin mamaki ba ne a ga mace mai shekara 30 da goyo a baya tana jinyar miji mai shekara 60.

Mutumin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba

Ciwon ƙafa ƙafa yake taɓawa. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa mutumin kansa yake taɓawa, kuma wannan ɓangaren ne mata suka fi yin shiru a kansa. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye kan samu matsalar magana: yana son ya ce ruwa, sai wata kalma ta fito, ko ba abin da ya fito, sai ya fusata ya yi jifa da kofi. Kusan ɗaya cikin uku kuma kan faɗa cikin ciwon damuwa. Wani ya riƙa kuka ko dariya ba dalili. Mai haƙuri ya koma mai zagi. Mai ciwon mantuwa, wanda muke sharewa da sunan gigin tsufa, yakan ɓoye kuɗinsa ya manta, ya ce matarsa ce ta sace, ko ya zarge ta da bin maza bayan shekara arba'in da aure, ko ya buɗe ƙofa da tsakar dare ya kama hanyar garin da aka haife shi. Duk alamomin ciwo ne, amma idan ba wanda ya gaya wa matar haka, a matsayin cin mutunci za ta ɗauke su. Baƙon da ya zo dubiya na minti goma kuma ya ji maigida yana cewa ana cutar da shi, shi ke fita da labarin.

Daga nan zargi ke tasowa. Ciwon da ya faɗo wa mutum farat ɗaya, ya karkatar masa da baki, ya ɗauke masa magana, a wurin mutane da yawa iska ce ko jifa. Idan kuma jifa ne, to wa ya yi? Ido kan koma kan wadda ke ba shi abinci. Mace tana wanke kashin mijinta da safe, da yamma ta ji ƴan'uwansa na raɗa cewa ita ta sabauta shi don ta ci gida. Wannan fahimtar tana cin lokaci ma, domin awoyin farko da ya kamata a yi su a asibiti sukan ƙare wajen turare da tofi, kuma matar ba ta da ikon cewa a ɗauke shi yanzu sai yayansa ya iso ya yanke shawara.

Wannan rashin iko yana bin ta har cikin dukiya. Ita ce ta san awan da yake shan magani, amma makullin shago yana hannun ƙanensa. Kuɗin da ke banki ko a waya da sunansa suke, shi kuma ba ya iya sa hannu ko tuna lambar sirri. Idan ya rasu, rabonta tumuni ne in akwai ƴaƴa, kuma ita da kishiyoyinta za su raba shi. Akuyoyinta da suka tafi wajen magani ba mai lissafa su a matsayin bashi, sai in ta yi dabarar kafa shaidu tun farko, abin da mace mai kunya ba ta cika yi wa mijinta na kwance ba. Fiƙihu ya ba ta damar kai ƙara idan ciyarwa ta yanke, ko zaman ya zama cutarwa gare ta. Amma wadda ta yi hakan ta san sunan da za a bi ta da shi har ƴaƴanta: wadda ta gudu ta bar miji a kwance. Kalma ɗaya ake ba ta, haƙuri, kuma masu ba ta kalmar sukan tashi su tafi gidajensu su yi barci.

Jikinta ma yana biya. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 1999 ya gano cewa tsofaffin da ke jinyar abokan aurensu cikin matsin rai sun fi takwarorinsu haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin 100 a tsawon shekara huɗu. Binciken da suka biyo baya ba duka suka samu adadi mai girma haka ba, amma ba a jayayya kan ciwon baya, rashin barci, damuwa da hawan jini. Matar da ke kai miji awo duk wata, da wuya wani ya ce mata miƙo hannunki ke ma a gwada, ga shi tukunya ɗaya suka yi shekaru suna ci.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Ƙasashen da ke biyan masu jinya ma ba da daɗin rai suka fara ba. Ingila ta ƙirƙiro alawus ɗin masu jinya a 1976, amma ta cire matan aure daga ciki bisa hujjar cewa dama suna gida, sai a 1986 wata kotun Turai ta tilasta a saka su. Faransa sai a Oktoban 2020 ta fara biyan ma'aikacin da ya ɗauki hutu don jinyar wani nasa. Babu mai tsammanin baitulmalin Nijar, da yaƙi a iyakoki da tallafin waje da ya ja baya, zai fara biyan albashin jinya gobe. Amma ba komai ne ke buƙatar biliyoyi ba.

Abu mafi araha shi ne a mai da koyar da mai jinya sharaɗin sallama. Kafin majinyaci ya bar gado, a samu wanda zai zauna da matar ko mijin, cikin Hausa, Zabarmanci ko harshen da suke ji, ya nuna da hannu yadda ake juyawa, ɗagawa, ciyarwa da motsa gaɓoɓi, ya faɗi alamomin da ke nufin a dawo da gaggawa, ya kuma yi gargaɗi cewa hali na iya sauyawa. A yi bayanin a gaban yayan mijin ko mahaifiyarsa, don su ji daga bakin likita cewa jijiya ce, ba sammu ba. Saƙon murya na WhatsApp ko shirin rediyon gari zai iya maimaita darasin ga wadda ba ta karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP tun 2008, wanda aka tsara don malamin asibiti da ba ƙwararre ba ya iya gano farfaɗiya da ciwon mantuwa ya kuma kula da su. Cibiyoyin CSI da ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka da ke bin gida-gida don yara da masu ciki za su iya leƙa ɗakin da babba ke kwance.

Muna kuma da kayan aikin da mu muka ƙirƙira. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya fara a 1991 kafin ya bazu a Afirka, kuma ƙungiyoyin sukan ware ɗan kuɗin taimakon juna. Abin da mai jinya ta fi buƙata sau da yawa ba kuɗi ba ne, yini ɗaya ne a mako da wata za ta karɓar mata girki da wanki ta samu ta runtsa ko ta je kasuwa. Makarantar Mazaje, da ta faro daga jihar Damagaram fiye da shekara goma sha biyar da suka wuce, ta nuna cewa maza na sauya ra'ayi kan awon ciki da haihuwa a asibiti idan ƴan'uwansu maza ne suka yi musu magana. Batun jinyar mata, da batun ƙane ko ɗa namiji ya karɓi wankan mahaifinsa kwana biyu a mako, zai shiga wannan zauren ba tare da an ƙara ko dala ba.

A takarda, Nijar ta riga ta ɗauki alkawari. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta yi dokar shigar da naƙasassu cikin al'umma a 2019. A watan Mayun 2022 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda ya ware sashe musamman kan tallafa wa masu jinya, ya kuma sa burin cewa kafin 2031 kashi 75 cikin 100 na ƙasashe su saka waɗannan cututtuka cikin tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa, kashi 80 su samar da muhimman magungunansu a ƙananan asibitoci. Inda za a gane ko alkawarin ya sauko ƙasa shi ne kantar maganin CSI: ko akwai maganin hawan jini da na farfaɗiya a kanta duk wata, da kuma farashin da za a faɗa wa matar da ta zo saye.